Ku Tambayi Anti: In aka riƙa ba uwa kuɗi duk wata ba sharaɗi, me ke faruwa a gidan?

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyin wannan makon duk a kan abu ɗaya suke, wato tsarin nan da ake ba mutum kuɗi a hannu duk wata, adadi sananne, rana sananniya, ba bashi bane kuma ba mai tambayarsa me ya yi da su. Saƙonnin sun yi yawa har wasu na maimaita juna, toh na haɗe masu kama ɗaya, sunaye kuma na cire kamar kullum.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni uwar yara uku ce, ƙaramin ko shekara bai kai ba. Wata ƙawata ce take bani labari wai akwai inda ake ba iyaye mata kuɗi duk wata haka kawai, ba aiki suka yi ba, kuma ba za su biya ba. Nidai na ce mata wannan zancen intanet ne, wa zai baki kuɗi a banza a wannan zamanin? Dan Allah gaskiya ne ko damfara ce?

AMSA: 'Yar uwa ƙawarki bata yi ƙarya ba, sai dai ki ɗan rage daga yadda ta faɗa. Mafi yawan abin da ake yaɗawa gwaji ne, a zaɓi mutane ƙalilan a basu na shekara ɗaya ko biyu ko uku a ga me zai faru. A garin Jackson na jihar Mississippi a Amurka, wata ƙungiya mai suna Springboard to Opportunities ƙarƙashin Aisha Nyandoro ta fara a ƙarshen 2018 da iyaye mata baƙar fata guda 20 masu ƙaramin ƙarfi, kowacce dala 1,000 duk wata har wata 12. A garin Flint na jihar Michigan kuma tun 2024 akwai shirin Rx Kids, mai ciki ana bata dala 1,500 lokaci ɗaya, in ta haihu a riƙa bata dala 500 duk wata har jaririn ya shekara, kuma ba a duba ko mai kuɗi ce ko talaka, in dai a garin take zaune.

Akwai kuma waɗanda sun wuce gwaji sun zama tsarin gwamnati. Afirka ta Kudu tun 1998 take biyan tallafin yara, kuma kuɗin na shiga hannun wanda yake riƙe da yaron ne, ko uwa ko kaka ko gwaggo. Jihar Alaska ta Amurka tun 1982 take raba wa duk mazauninta wani kaso daga ribar kuɗin man fetur sau ɗaya a shekara, har da jarirai. Brazil tana da Bolsa Família tun 2003, amma shi wannan da sharaɗi ne, sai yara na zuwa makaranta ana kuma yi musu rigakafi.

Amma inda kika yi gaskiya shine, duk wanda ya turo miki saƙo a waya yace ki biya kuɗin fom ko ki turo lambar sirrin katinki za a saka ki a tsarin, wannan ɓarawo ne, ki goge saƙon kawai.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne kuma zan faɗi gaskiya ko da za a zage ni. Duk ranar da aka fara ba mata kuɗi ba tare da sun yi gumi ba, toh an koya musu lalaci, wadda take sana'a ma za ta ajiye ta zauna jiran alat, kuɗin kuma a kayan kwalliya da waya za su ƙare. Ku daina yaudarar kanku.

AMSA: Malam ba mai zaginka a nan, tambayarka ita ce ta farko da masu bincike suka yi wa kansu tun shekara hamsin da suka wuce, shi yasa ma amsarta ta fi kowacce yawan hujja.

Bari mu fara da inda kake da ɗan gaskiya. A ƙasar Kanada an yi wani gwaji da ake kira Mincome daga 1974 zuwa 1979, har da wani ƙaramin gari Dauphin a lardin Manitoba inda duk gidan da samunsa ya gaza wani adadi ake cika masa. Da aka duba daga baya, mutane iri biyu ne suka fi rage aiki: samari 'yan makaranta, waɗanda da can suke barin karatu su tafi neman kuɗi amma yanzu suka tsaya suka ƙarasa sakandare, sai kuma mata masu jego da suka ƙara zama a gida da jariransu. Toh Malam kai ka faɗa min, macen da ta haihu wata biyu da suka wuce ta ce bari ta ƙara wata uku kafin ta koma tsayuwar awa takwas, lalaci ta yi? Wata masaniyar tattalin arziki Evelyn Forget ta koma kan takardun garin ta fitar da sakamako a 2011 cewa kwanciya asibiti ta ragu da kashi 8.5 cikin 100 a shekarun da ake biyan kuɗin.

Na biyu, gwajin wata ƙungiyar bincike mai suna OpenResearch a jihohin Illinois da Texas na Amurka, mutum 1,000 aka ba dala 1,000 duk wata na shekara uku, aka kwatanta su da wasu 2,000 da ake ba dala 50 kacal. Sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna eh, sun rage aiki, da kamar awa ɗaya da 'yan mintuna a sati. A sati fa, ba a rana ba. Haka a ƙasar Poland da aka kawo tallafin yara na zloty 500 (kuɗin ƙasar) a 2016, akwai binciken da ya nuna wasu iyaye mata, musamman masu ƙaramin albashi, sun bar aiki. Ba zan ɓoye maka wannan ba.

Amma ga ɗaya gefen. A garin Stockton na jihar California a Amurka, daga Fabrairun 2019 aka ba mutum 125 dala 500 duk wata na shekara biyu, a shekarar farko masu cikakken aiki a cikinsu sun tashi daga kashi 28 zuwa kashi 40. Dalilin ba wani abin mamaki bane, neman aiki shi kansa kuɗi yake ci. Macen da ake biyanta bisa ranar da ta fito, ba za ta iya yafe kuɗin yini ɗaya ta tafi intabiyu ba, ga kuɗin mota, ga wanda za ta bar wa yara, kuma ba tabbas za a ɗauke ta, toh sai ta haƙura ta ci gaba da maƙalewa a inda take shekara da shekaru. Ranar da ta san akwai wani abu da zai shigo ƙarshen wata ko da bata fita yau ba, ranar take iya gwadawa. A Kenya kuma ƙungiyar GiveDirectly tana ba mutane sama da 20,000 a ƙauyuka kuɗi, wasu har na shekara 12, abin da aka gani a sakamakon 2023 shine jimillar aiki bata ragu ba, sai dai mutane sun bar aikin ƙodago sun koma nasu na kansu.

Maganar ɓarnatarwa kuwa, a Stockton ta kati ake biya saboda haka an ga inda kuɗin suka tafi, abinci ne ya ɗauki kaso mafi girma, giya da taba ko kashi 1 cikin 100 basu kai ba. Wasu masu bincike na Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, sun tattara binciken ƙasashe da dama a 2014 suka ga kashe kuɗi kan giya da taba baya ƙaruwa in an raba kuɗi, wani wurin ma raguwa yake. Ba na ce babu wadda za ta yi shirme da nata ba, ko cikin masu albashi ai akwai wanda kafin goma ga wata ya cinye. Kuma ni in uwa ta biya haya ta sayi magani ta ɗinka wa yara, sannan ta sayi man shafawa da ragowar, wallahi ban ga laifinta ba.

Abin da ya fi tsaya min a saƙonka shine "ba tare da sun yi gumi ba". Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa a 2018 cewa kullum ana yin awa biliyan 16.4 na aikin kula da gida da yara da marasa lafiya wanda ba a biya, kuma kashi 76 cikin 100 mata ne ke yi. Mata miliyan 606 suka ce wannan aikin ne ya hana su fita neman kuɗi, maza miliyan 41. Gumin ana yinsa Malam, takardar albashi ce babu.

TAMBAYA: Anti Allah ya ƙara lafiya. Ni ba ni da ɗa ko ɗaya amma shekaru kenan ina jinyar mahaifiyata da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ni ce wanka, ni ce canjin kunzugu, da dare sai na tashi na juya ta saboda kar bayanta ya yi gyambo, in ina bata abinci sai na zauna da cokali kusan awa guda don bata iya haɗiya da sauri. Na bar aikina saboda ita. 'Yan uwana maza suna turo abin da ya samu amma sai na roƙa, wani lokacin har in ji kamar ni ce mai bara. Duk inda na ji maganar tallafi sai in ji ana cewa iyaye mata da yara. Mu fa masu jinya ba a san da mu bane?

AMSA: Ƙanwata Allah ya saka miki da alheri, ya ba Mama sauƙi. Saƙonki shi ya sa na ware makon nan gaba ɗaya ga wannan maganar.

Gaskiya ne an fi tunawa da mai goyo a kan mai jinya, saboda yaro ana ganin girmansa, ana auna nauyinsa, ɗan siyasa zai iya ɗaukar hoto da shi, tsohuwar da ke kwance a ɗaki kuwa ba mai ganinta sai ke. Amma akwai ƙasashen da suka yi wani abu. Jamus tun 1995 tana da inshorar jinya, mara lafiyan da ake kula da shi a gida ana bashi kuɗi duk wata gwargwadon nauyin ciwonsa, shi kuma ya ba ɗan uwan da ke kula da shi. Birtaniya tana da alawus ɗin masu jinya, amma nan ne nake so ki ga bambancin kuɗi mai sharaɗi da mara sharaɗi. Sai kina jinya aƙalla awa 35 a sati za a baki, kuma akwai iyakar abin da za ki samu daga wani aiki, a shekarar 2024 fam 151 ne a sati, shi alawus ɗin kuma fam 81.90. In kika wuce iyakar ko da fam ɗaya ne, alawus ɗin wannan satin gaba ɗaya ya tafi. Dubban masu jinya sun wuce layin ba tare da sun ankara ba, wata ƙarin awa ɗaya ta yi a wurin aiki, wata ɗan ƙarin albashi aka yi mata, shekaru suka tafi ba wanda ya ce musu komai, sai daga baya aka aiko musu da takardar bashin dubban fam, abin ya zama abin kunya a jaridun ƙasar har gwamnati ta ɗaga iyakar zuwa fam 196 a 2025. Kinga an ce an taimake ki, amma an ɗaure miki ƙafa kar ki motsa.

Shi kuɗi mara sharaɗi abin da zai canza a rayuwa irin taki ba wai zai warkar da Mama bane, kuma ba zai mayar miki da shekarun aikin da kika rasa ba. Abin da zai saya miki shine awanni. Ki iya biyan wata ta zauna da ita rabin yini sau biyu a sati ki yi barci, ko ki je ki ga likita kan naki bayan, don na san yana ciwo, duk mai ɗaga babban mutum daga gado kullum bayanta na ciwo. Ki iya sayen maganin wata guda lokaci ɗaya maimakon na kwana biyar biyar ana tsallake rana. Sannan wannan roƙon da kika ambata, shi ne ya fi cin rai, kira na farko ba a ɗauka ba, na biyu ace ana mitin, na uku ki fara da "yi haƙuri na dame ka" alhali uwar ku ce duka. Kuɗin da zai shigo da sunanki a rana sananniya yana cire wannan.

Amma kar in yi miki daɗin baki. Akwai mata masu fafutuka da suke tsoron tsarin, kuma tsoronsu ba na banza bane, suna cewa in aka ba mai jinya ɗan kuɗi sai gwamnati ta wanke hannunta daga gina wuraren kula da tsofaffi da aiko da nas gida, 'yan uwa ma su ce ai ana biyanki, shikenan aikin ya zama naki har abada. Ni ra'ayina duka biyun ake buƙata, don ko nawa aka baki in babu wadda ta iya jinyar da za ki ɗauka, toh ke ce dai za ki tashi ƙarfe biyun dare. Kafin nan kuma, ki tara 'yan uwanki ku yanka adadi da rana, kowa ya san nasa, a rubuce a gurup ɗin gida inda kowa zai gani, kuma a saka kuɗin hutunki a cikin lissafin, ba na magani da kunzugu kaɗai ba.

TAMBAYA: Anti ni tsorona ɗaya ne, in kuɗi irin wannan ya shigo hannun mace ai rigima za a yi a gida. Ko mijin ya karɓe, ko ya daina kawo nasa yace ai kina da shi, ko ya ce ta fara raina shi.

AMSA: Hajiya duka ukun da kika lissafa suna faruwa, amma ba su ne suka fi yawa ba. A 2018 wasu masu bincike sun tattara nazari 22 daga ƙasashe masu tasowa kan raba kuɗi da dukan mata a gidan aure, mafi yawansu sun nuna dukan ya ragu. A arewacin Ecuador, shirin Hukumar Abinci ta Duniya ya rage shi sosai cikin wata shida kacal. A Kenya ma an ga raguwa, abin sha'awa har a gidajen da mijin aka ba kuɗin ba matar ba, wanda ke nuna miki cewa da yawan faɗan gida asalinsa babu ce, an tashi da safe ba na cefane, ta tambaya, shi kuma kunya da takaici suka sa ya hau ta da faɗa.

Inda ake samun matsala an gano shi. A ƙauyukan Meziko ƙarƙashin shirin tallafin kuɗi na Progresa da aka fara a 1997, wani bincike ya nuna in kuɗin da matar ke karɓa kaɗan ne gida yana lafawa, amma in ya yi yawa kuma mijin mai ƙarancin karatu ne mai ganin namiji kaɗai ya kamata ya riƙe kuɗi, sai zafinsa ya ƙaru. A Bangladesh kuma an gwada ba wasu mata kuɗi kaɗai, wasu kuma kuɗi tare da taron koyar da ciyar da yara duk sati. Bayan an daina biya da watanni aka koma, masu kuɗi kaɗai abin ya koma yadda yake, masu zuwa taron kuwa dukan ya ragu da kusan kashi 26 cikin 100. Wato fitar da take yi, da ƙawayen da ta samu, da sanin da mijin ya yi cewa akwai idon mutane a kanta, sun yi aikin da kuɗi kaɗai bai yi ba.

Kuma hannun da kuɗin ya shiga yana da tasiri. A ƙarshen shekarun 1970 Birtaniya ta canza tallafin yara, da can rangwamen haraji ne a albashin uba, aka mayar da shi kuɗi a hannun uwa, masu bincike suka ga sayen tufafin yara da na mata ya ƙaru idan aka kwatanta da na maza. A Afirka ta Kudu wata masaniyar tattalin arziki Esther Duflo ta gano cewa in kaka mace ce ke karɓar fansho, jikokinta mata da ke gidan sun fi nauyi da tsawo, in kaka namiji ne ba a ga wannan ba. Kakanni maza ku yi haƙuri, ba ni na faɗa ba.

Shawarata, asusun ya zama da sunanki, lambar sirri a kanki, kuma tun kafin kuɗin farko ya shigo ku zauna ku yi magana a kan me zai tafi ina, nauyin da ke kansa kuma yana nan a kansa. In kuwa dama akwai duka a gidan, toh wannan ba maganar kuɗi bace, ki sanar da wanda kika yarda da shi tun yanzu.

TAMBAYA: Na ji wai an auna ƙwaƙwalwar jarirai an ga na iyayen da ake ba kuɗi sun fi basira. Haka ne Anti?

AMSA: Ɗiyata labarin ya fi abin da aka gani girma. Binciken sunansa Baby's First Years, an fara shi a 2018 da iyaye mata 1,000 masu ƙaramin ƙarfi a birane huɗu na Amurka, tun suna asibiti bayan haihuwa aka raba su biyu, wasu dala 333 duk wata, wasu dala 20. A 2022 aka fitar da rahoton cewa da jariran suka shekara, na rukunin farko sun ɗan fi nuna wani irin motsin ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da koyo, jaridu suka ɗauka suka yi ta yayatawa. Amma da yaran suka kai shekara huɗu aka gwada su a magana da fahimta da ɗabi'a, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Abin da aka tabbatar shine iyayen sun fi sayen littattafai da kayan wasa da tufafin yara, sun fi zama su karanta musu, kuma basu bar aiki ba. Wasu sun ce annobar korona da tallafin da kowa ya samu lokacin, ga tsadar kaya, su suka rage bambancin, wasu sun ce dala 333 a Amurka ba za ta fitar da gida daga talauci ba dama. Duk wanda ya ce miki kuɗi kaɗai zai sa ɗanki ya zo na ɗaya a aji, ƙari ya yi.

Inda talauci ya fi tsanani kuwa tasirin ya fi fitowa fili, don can ba maganar maki ake ba, maganar rai ake. Wani bincike da ya fito a 2025 kan ƙauyukan yammacin Kenya inda aka ba gidaje dala 1,000 ya nuna mutuwar jarirai ta ragu da kusan rabi, kuma ya fi ƙarfi a gidajen da kuɗin ya iso dab da haihuwa kuma asibiti na kusa. Ki lura da wannan na ƙarshen, kuɗin mota zuwa asibiti yana amfani ne in akwai asibitin.

TAMBAYA: Ba zai sa mata su yi ta haihuwa don a ƙara musu kuɗi ba?

AMSA: Baba duk wadda ta taɓa naƙuda ta kuma yi renon jariri za ta yi dariyar wannan lissafin. A Zambiya an bi tallafin yara na shekaru ba a ga ƙarin haihuwa ba. Poland ma da gangan ta kawo nata don a ƙara haihuwa, ta ɗan tashi a 2017 sannan ta ci gaba da faɗuwa. A Malawi kuma 'yan matan da aka ba kuɗi ba sharaɗi sun fi jinkirta aure da ɗaukar ciki a lokacin da ake biyan.

TAMBAYA: Anti ni an saka ni a wani shiri irin wannan na wata ƙungiya, wata 18 za a yi ana biya, yara biyu gare ni kuma ni kaɗai nake riƙe da su. Na yi murna amma tun yanzu gabana faɗuwa yake in na tuna ranar da za a daina. Kuma sun ce mu zaɓa, ko wata-wata ko a haɗa mana rabi a dunƙule. Wanne ya fi?

AMSA: 'Yar uwa faɗuwar gaban nan taki hankali ne. Amurka ta gwada abin a kan ƙasa gaba ɗaya a 2021, daga Yuli zuwa Disamba iyaye na samun har dala 300 duk wata kan yaron da bai kai shekara 6 ba, dala 250 kan wanda ya fi haka, talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 cikin 100, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani a ƙasar. Majalisa bata sabunta ba, a 2022 ya haura zuwa kashi 12.4. Ko a gwajin OpenResearch ma, sauƙin damuwa da mutane suka samu a shekarar farko ya dusashe a ta biyu da ta uku tun kuɗin na shigowa. Toh ki shiga da sanin cewa wata 18 ne, kar ki ɗauki wani nauyi na dindindin a kansa, irin ƙaura zuwa gida mai tsadar haya ko makarantar da ba za ki iya biya da samunki na yau ba.

Maganar zaɓi kuma ya danganta da ciwon da ke damunki. A gwajin Kenya an kwatanta masu karɓar dala 22.50 duk wata na shekara biyu da waɗanda aka ba kusan jimillar, dala 500, lokaci ɗaya, masu dunƙulen sun fi buɗe sana'a kuma sun fi samun riba. Har waɗanda aka yi wa alkawarin shekara 12 ma da yawansu adashi suka shiga don su mayar da na wata-watan dunƙule. Saboda haka in akwai abu guda takamaimai da kika daɗe kina so, kayan aikin sana'ar da kin riga kin iya, ko kuɗin kwas mai takardar shaida, ko bashi mai ruwa da ke cin ki duk wata, ki karɓi rabin a dunƙule ki kashe shi a kan wannan abun cikin satin da ya shigo, kafin labari ya kai ga masu zuwa aro. In kuwa matsalarki ita ce kullum sati na ƙarshen wata sai kin ci bashi kafin ku ci abinci, kuma samunki yau akwai gobe babu, toh wata-wata ya fi miki, ki ware wani abu daga kowane biya tun daga na farko ba sai na goma sha biyar ba.

Sannan kafin ki sa hannu ki tambaye su abu biyu kuma ki nemi amsar a rubuce: ranar biya na ƙarshe, da kuma ko wannan kuɗin zai sa a rage miki wani tallafin da kike samu a wani wuri. A Jackson wasu iyayen an rage musu tallafin abinci saboda samunsu ya ƙaru a takarda, a Stockton kuwa sai da masu shirin suka ware wani asusu daban don biyan duk wanda ya yi irin wannan asarar. In ƙungiyar taku bata da amsa, ki je ofishin da ke baki ɗaya tallafin ki tambaya da kanki kafin alat na farko ya shigo.